Amfilifayar Gida Tana Kunnuwa Amma Babu Sauti: Ta Ina Za a Fara Gyara?

Tambaya: Ina da tsohuwar amfilifayar gida, irin wadda take haɗe da rediyo kuma take ba lasifika biyu sauti. Watanni da suka wuce lasifikar hagu ta riƙa ƙarƙara tana ɗaukewa. Yanzu idan na kunna sai fitilun gaba su kama, amma ɗan "ƙas" ɗin da nake ji bayan 'yan daƙiƙu ya daina, kuma babu sauti ko kaɗan. Ina da mitar auna wutar lantarki da ƙarfen liƙin dalma. Wani ya ce in canza kafasitocin duka (kayan da ke tara wuta), wani kuma ya ce in haɗe ƙafafun rile ɗin da waya. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, ina roƙonka kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu a yanzu, musamman ta biyun, domin ita ce za ta iya ƙona maka lasifikoki cikin 'yan daƙiƙu. Wannan "ƙas" da ka saba ji ƙarar rile ne, wato ɗan makunni mai aiki da maganaɗisu da yake tsakanin sashen da ke ƙarfafa sauti da mafitar lasifika. Akwai wani ɗan sashe na tsaro da yake riƙe shi a buɗe na daƙiƙa uku zuwa biyar bayan an kunna na'ura, har wuta ta daidaita, sa'annan ya duba ko akwai miƙaƙƙiyar wuta, wadda ake rubuta DC a jikin mita, a bakin mafitar sauti. Idan babu, sai ya rufe rile, sauti ya fita. Idan akwai, sai ya ƙi. A na'urorin Japan da yawa ƙaramin guntu ne yake wannan aiki, kamar uPC1237 na kamfanin NEC ko TA7317P na Toshiba, a wasu kuma 'yan tiransistoci biyu ko uku ne, wato kayan da ke ƙarfafa wuta ko sarrafa ta. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka shirun rile ɗin labari ne na'urar take ba ka, kuma aikinka shi ne ka gano abin da ta gani.

Ka yi lissafin abin da zai faru idan ka haɗe ƙafafun da waya alhali ɗaya daga cikin manyan tiransistocin mafita ta haɗe ta ciki. Volt 40 na miƙaƙƙiyar wuta za su faɗa kan lasifika mai om 8 (om ma'aunin turjiya ga wuta ne), wanda yake nufin kwararar wuta ta amfiya 5 da zafi na kimanin wat 200 a cikin naɗin siririyar waya da ba a yi ta don ɗaukar haka ba. Naɗin zai ƙone, kuma takardar lasifikar tana iya kama wuta. Shawarar canza kafasitoci duka ba ta kai wannan haɗari ba, amma takan zama garin gyaran gira a rasa ido. Mutumin da ya cire kaya arba'in ko hamsin daga na'urar da bai san ciwonta ba, ya ba kansa dama arba'in ko hamsin ta juya ƙafa, ko ɓamɓare layin tagulla, ko haɗe wurare biyu da ɗigon dalma, kuma idan ya kunna ta ƙi aiki ba zai san ko tsohuwar matsalar ce ko sabuwar da ya jawo ba. A gano laifin da awo, a gyara shi, na'ura ta yi aiki, daga baya a yi maganar sabunta kaya.

Kafin ka kwance sukuru ko ɗaya, ka cire fulogi, ka cire wayoyin lasifika gaba ɗaya daga bayan na'urar tare da duk abin da aka jona mata, sa'annan ka sake kunnawa. Idan "ƙas" ɗin ya dawo, laifin yana waje: ko dai zaren waya guda ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa, ko lasifika ɗaya ta lalace. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna kimanin om 6 a mita, don haka idan ka ga om ɗaya ko ƙasa da haka, ka sami mai laifi. Ka kuma tuna cewa a na'urori da yawa, kunna jerin lasifika na A da na B tare yana mayar da om 8 ya zama om 4, abin da yake ninka nauyin da ke kan tiransistoci. Idan kuwa rile ya ci gaba da shiru bayan an cire komai, to sai buɗewa.

A nan dole in tsaya kan maganar kiyaye rai. Cire fulogi ba ya nufin wuta ta ƙare a cikin na'ura. Manyan kafasitoci biyu da za ka gani kusa da taransifoma, masu maikurofarad (ma'aunin girman kafasita) 6,800 zuwa 15,000 a irin waɗannan na'urori, suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma guda ɗaya mai maikurofarad 10,000 da ke ɗauke da volt 50 ta isa ta narkar da bakin sukundireba ko ta tsinke layin tagulla. Ana sauke su ne ta hanyar resista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 1,000 da wat 5, a maƙala ta tsakanin ƙafafun kafasitar na kamar minti ɗaya, sa'annan a tabbatar da mita cewa wutar ta sauka ƙasa da volt ɗaya. Ba a haɗe ƙafafun da ƙarfe kai tsaye. Wurin da ya fi wannan haɗari shi ne ɓangaren wutar gida, wato daga igiyar fulogi zuwa fiyus da makunni da shigar taransifoma. Ka rufe waɗannan wurare da abin da ba ya ɗaukar wuta kafin ka yi awo na'ura tana kunne, ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfen na'urar da maƙali mai bakin kada domin ka yi aiki da hannu ɗaya. Idan ka buɗe ka tarar da kwalaben gilashi masu haske a maimakon tiransistoci, ko ka tarar babu babbar taransifoma sai ƙarama a kan allo kusa da kafasita mai volt 400, ka mayar da murfi ka kai wa gwani. Na farkon yana aiki da ɗaruruwan volt, na biyun kuma yana riƙe kimanin volt 325 inda wutar gida take volt 230, kuma duka biyun suna kisa.

Ka ɗauki hoton ciki ta kowace kusurwa kafin ka taɓa waya, kuma ka nemi littafin gyara na kamfanin da lambar samfurin da ke bayan na'urar, domin a cikinsa ne za ka sami taswirar haɗin wuta da adadin volt da ya kamata a gani a kowane wuri. Sa'annan ka haɗa wa kanka abin da nake ganin ya fi kowane kayan aiki amfani ga mai koyo: ƙwan fitila irin na da mai zaren ciki, na wat 60 ko 100, a jona shi a kan wayar wuta ta yadda duk wutar da za ta shiga na'urar sai ta ratsa ta cikinsa, a kuma rufe haɗin cikin akwati. Idan na'ura lafiya take, ƙwan zai haska na ɗan lokaci yayin da kafasitoci suke cika, sai ya dusashe. Idan akwai haɗewa a ciki, zai ci gaba da haske sosai, kuma shi zai shanye wutar maimakon sababbin kayan da ka saka. Ƙwan zamani marar zare ba ya wannan aiki.

Na'ura tana kashe, ka yi amfani da ido da hanci. Ka nemi resistar da ta yi baƙi, kafasitar da kanta ya kumbura, da wurin da allo ya canza launi saboda zafi. Ka duba kowane fiyus da mita, domin fitilun gaba yawanci suna samun wutarsu daga wani naɗi dabam na taransifoma, saboda haka haskensu ba ya tabbatar da cewa sashen sauti yana samun wuta. Idan fiyus ya tsinke, ka karanta abin da ke rubuce a bakinsa: harafin T yana nufin mai jinkirin tsinkewa, F kuma mai saurin tsinkewa, kuma ba a canza iri ko a ƙara yawan amfiya. Akwai kuma wani gam da kamfanoni suka riƙa manna manyan kaya da shi a shekarun 1970 da 1980, wanda idan ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa mai duhu, ya fara ɗaukar wuta yana cin ƙafafun kayan da ya taɓa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ruwan kafasita ne ya zubo. A kankare shi tas, a duba ƙafafun da ke ƙarƙashinsa. Daga nan ka juya allon ka duba liƙin dalma da gilashin ƙara girma, musamman a ƙafafun kayan da suke zafi da na rile ɗin kansa. Siririn zobe da ya kewaye ƙafa alama ce ta liƙin da ya tsage saboda shekaru na zafi da sanyi.

Yanzu sai awo, ta cikin ƙwan fitila, ba tare da lasifika ba, mamurɗin ƙara a ƙasa. Fara da manyan kafasitocin. Ya kamata ka ga wuta biyu masu girma ɗaya, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, misali +42 da -42. Idan ɗaya ta ɓace ko ta faɗi nesa da 'yar'uwarta, matsalar tana wajen dayod ɗin da ke miƙar da wuta, ko fiyus, ko liƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa sashen tsaro ya ƙi rufe rile.

Idan su biyun daidai suke, ka zo ga awon da zai raba gardama, wato miƙaƙƙiyar wuta a mafitar kowane ɓangare. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa a bayan na'ura inda ake ɗaura wayar lasifika. Tunda rile a buɗe yake, sifili za ka gani a can ko da ciki yana ɗauke da volt 40. Dole a auna kafin rile, kuma wurin da ya fi sauƙi shi ne mahaɗar fararen resistocin nan masu siffar ɗan bulo da ke gaban manyan tiransistoci, waɗanda yawanci om 0.22 ne ko 0.33 ko 0.47. Ka naɗe bakin wayar mita da tef har sai ɗan tsininsa kaɗai ya rage, domin zamewar hannu sau ɗaya a wannan wuri tana kashe tiransistoci huɗu ko biyar. A ɓangare mai lafiya za ka ga ƙasa da milivolt 50, wato volt 0.05. Ka auna hagu, ka auna dama, ka rubuta.

Idan ɓangare ɗaya ya nuna kusan dukan wutar kafasita, mafi yawanci babbar tiransista ce ta haɗe. Ka kashe, ka sauke kafasitoci, ka sa mita a alamar dayod. Mahaɗar tiransistar silikon mai lafiya tana nuna kimanin volt 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ba ta nuna komai ta ɗaya fuskar, wadda ta haɗe kuwa tana nuna kusan sifili ta kowace fuska. Awon kan allo yakan yaudari mutum, don haka abin da ka zarga ka cire shi ka sake aunawa. Babban abin da nake so ka riƙe a nan shi ne babbar tiransista ba kasafai take mutuwa ita kaɗai ba. Takan tafi da abokiyar aikinta, da farar resistarta, da ƙananan tiransistocin da ke tura su, wani lokaci har da wadda take manne a jikin ƙarfen alminiyam da ke sanyaya manyan tiransistoci, don daidaita zafi. An sha kawo mini na'urorin da masu su suka canza manyan tiransistoci sau biyu ko uku suna ƙonewa, kuma kusan kullum sai in tarar ƙaramar da ke bayansu ce ta lalace tun farko ba a duba ta ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ka bi taswira da baya, ka auna kowace tiransista da dayod da ƙaramar resista, kana kwatanta kowace da takwararta a ɓangaren da ke da lafiya. Wannan ita ce babbar sa'ar mai gyaran na'ura mai ɓangare biyu: amsar tana gefe a kan allo ɗaya.

Wajen sayen kaya ka yi hattara, domin lambobin da suka shahara kamar 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba jabunsu sun cika kasuwa, kuma na jabu yana cin gwajin mita amma ya mutu da zarar an ɗaga murya. Haka ma baƙaƙen guntayen nan masu faɗi da lambarsu take farawa da STK, waɗanda Sanyo ya ƙera, an daɗe da daina yin da yawansu, kuma abin da ake sayarwa da sunansu sau da yawa kwaikwayo ne. Ka sayi kaya daga dillalin da aka san yana karɓa daga kamfani. Idan za ka ɗaura sabuwar tiransista, ka mayar da siririn fallen da ke raba bayanta da ƙarfen alminiyam, ka shafa farin man zafi kaɗan, kuma kafin ka kunna ka tabbatar da mita cewa bayanta bai taɓa ƙarfen ba.

Idan kuwa abin da ka gani volt ɗaya ne zuwa biyar, ko lamba ce da take yawo sama da ƙasa, to manyan tiransistoci wataƙila lafiyarsu lau, kuma laifin yana can farkon sashen, a ƙananan tiransistoci biyu da suke aiki kamar tagwaye suna riƙe mafita a sifili, ko a ƙaramar kafasitar da ke kan hanyar da take mayar da sauti daga mafita zuwa gare su, ko a tsagaggen liƙi. A nan ne ƙarƙarar da ka ambata take da muhimmanci, kuma ina so ka tuna yadda take. Ƙarƙarar da take zuwa sai an murɗa mamurɗi datti ne, maganinta feshin wanke mahaɗar lantarki irin su DeoxIT, a fesa kaɗan a murɗa sau da yawa, kuma ba ta da alaƙa da shirun rile. Sautin da yake ɗaukewa idan murya tana ƙasa ya dawo idan an ɗaga ta, yawanci bakin rile ne ya yi tsatsa. Amma ƙarƙarar da take zuwa da kanta kamar ana taka busasshen ganye, ko da an mayar da murya sifili, alama ce ta ƙaramar tiransista da take lalacewa a hankali, kuma irin wannan ce take ƙarewa da tura wuta zuwa mafita. Wasu lambobi sun yi suna a kan haka, kamar tsohuwar 2SC458 ta Hitachi da 2SA726, waɗanda sau da yawa za ka ga ƙafafunsu sun yi baƙi. Bisa ga yadda ka bayyana, zatona ya fi karkata nan, amma mita ce za ta yanke hukunci. Hanyar kama irin wannan ita ce ka bar mita a mafita, ka riƙa ƙwanƙwasa kayan a hankali da tsinken katako, ko ka fesa wa kowace tiransista feshin sanyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sa lambar ta yi tsalle ita ce. Idan ɗaya daga cikin tagwayen ce, a canza su tare, da biyu masu ƙarfin ƙara sauti kusan ɗaya.

Hali na uku shi ne hagu da dama duk su nuna 'yan milivolt, amma rile ya ƙi motsi. To sashen tsaron ne da kansa ya gaza. Ka auna ko naɗin rile yana samun wutar da aka rubuta a jikinsa, yawanci volt 12 ko 24, ka duba tiransistar da ke jan sa, ka canza 'yan ƙananan kafasitocin da ke kewaye da shi, musamman wadda take ƙidaya daƙiƙun jira, domin sukan bushe. Wannan gyara ne mai sauƙi.

Bayan kowane gyara a sashen ƙarfafa sauti, akwai saiti biyu da ba a tsallakewa. Na farko shi ne 'yar wutar da take ratsa manyan tiransistoci lokacin da babu sauti, wadda ake aunawa a kan fararen resistocin nan. Misali, milivolt 10 a kan om 0.22 yana nufin miliyamfiya 45 ko kusa da haka. Adadin da ya dace yana cikin littafin gyara, kuma kada ka ƙiyasta shi, domin idan ya yi kaɗan sauti zai yi kaushi, idan ya yi yawa zafi zai riƙa haihuwar zafi har tiransistoci su sake mutuwa. Ka fara kunnawa ta cikin ƙwan fitila, idan ya dusashe kuma awo ya yi kyau sai ka cire shi, tunda yana rage wutar da ke shiga, ka bar na'ura ta ɗumama na minti 15 zuwa 20, sa'annan ka saita da sukundireba ta roba a hankali. Na biyu shi ne mayar da miƙaƙƙiyar wutar mafita kusa da sifili, idan na'urar tana da mamurɗin yin haka. Gwajin farko ka yi shi da tsohuwar lasifikar da ba ka jin asararta, murya a ƙasa, kana taɓa ƙarfen alminiyam lokaci lokaci don ka ji ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi.

Sai na'ura ta yi kwanaki tana aiki ne maganar kafasitoci za ta taso. Idan kana jin gurnani mai kauri da ba ya canzawa da murya, wanda yake sau 100 a daƙiƙa inda wutar gida take kai-komo sau 50, ko sau 120 inda take sau 60, to manyan kafasitoci sun gaji. A canza su da masu maikurofarad iri ɗaya, da volt daidai ko sama da na da, a kula da ƙafar da take da alama, domin wadda aka juya tana fashewa. Ƙananan kuma ka bi su sashe sashe, kana kunnawa kana gwadawa bayan kowane sashe.

Idan ka yi awon, ka aiko mini da lambar samfurin na'urar da lambobi huɗu: wutar manyan kafasitoci biyu, da abin da ka gani kafin rile a hagu da dama. Da su zan iya faɗa maka kayan da za ka fara cirewa.